Gashin Bakin Lubbert da Gimbiyoyin Habana Uku

Duk wanda ya gaya muku mutanen garin Kampen suna da tausayi, ku tambaye shi abin da suka yi wa Lubbert Kroes mai gyaran keke. Mutum ya yi ɗan kuskure, kuskuren ma irin na masu basira, amma gari guda ya taru a kansa kamar an ce ana rabon cuku kyauta.

Abu biyu Lubbert yake taƙama da su a duniya, kuma matarsa Marga ba ta cikinsu. Na farko gashin bakinsa. Tun yana saurayi aska ba ta kusance shi ba. Kullum da safe sai ya tsaya gaban madubi ya shafe shi da kakin zuma, ya murɗe dama ya murɗe hagu, har su miƙe su lanƙwasa sama kamar kan keken tsere. Ko miya zai sha, sai ya ɗage su da yatsa tukuna, kamar mai ɗaga labule.

Na biyu kuwa wani ɗan akwatin katako ne mai riƙe danshi, wanda ya sayo a gwanjo a Landan, a shekarar da ya kamata a gyara rufin ɗakin girki. A ciki akwai kara uku na tabar Habana ta ƙasar Kyuba, baƙaƙe, masu kauri, waɗanda aka naɗe da hannu tun kafin a haife shi, a wata masana'anta da ta daɗe da rufewa. Gimbiyoyi yake kiransu. Ya ce duk faɗin Turai babu irinsu sai a wurin wani attajiri a Geneva, shi ma nasa biyu ne, ɗaya ma ta tsage. Bai taɓa kunna ko ɗaya ba. In ka yi sa'a yana cikin nishaɗi, zai buɗe maka akwatin ka leƙa daga nesa, yana cewa, "Kau da bakinka gefe, ka ci albasa."

To, a saman benen gidan gahawa na bakin kogi ne Ƙungiyar Doguwar Toka take zama. Kowace kaka suna gasa: kowa ya kunna tabarsa, wanda tokarsa ta fi tsawo ba ta zube ba, shi ne Sarkin Toka na shekara. Lubbert yana shiga kowace shekara, kuma kowace shekara tasa ce take fara zubewa, domin gasar tana son mai rufe baki, shi kuwa bakinsa ba shi da marufi. Da ta zube sai ya miƙe, ya zagi taga, ya zagi mai tari, ya zagi kafintan da ya yi daɓen benen, ya figi hularsa ya sauka. Saboda haka bai taɓa zama ya ga yadda ake rufe taron ba, ko sau ɗaya.

Wata safiya ya shiga shagon Roelof mai aski, abokinsa tun suna yara, wanda kuma shi ne Sarkin Toka mai ci. Likita Stoffel, tsohon likitan haƙori kuma alƙalin gasar, yana zaune yana jiran layi da jarida a hannu.

"A'a, ga mai Gimbiyoyi," in ji Roelof. "Zauna in rage maka sumar, kafin ta ƙarasa gudu da kanta. Ya 'yan matan naka? Har yanzu suna kulle?"

"Suna nan lafiya, sun fi ƙarfin hancinka."

"Ni fa na fara zargin ba taba ba ce. Ƙila tsiran nama ne aka naɗa maka a ganyen kabeji."

Likita ya yi dariya a bayan jarida. Gashin bakin Lubbert ya motsa.

"Kai, wanzami, ka san abin da ya sa kake cin gasar nan? Don na ƙyale ka ne. Da zan kunna Gimbiya ɗaya, tokarta ba za ta zube ba ko da rawa nake yi. Ganyen da ne, ɗan'uwa, ba wannan ciyawar da kuke zuƙa ba."

"To kunna mana mu gani, Yallaɓai."

"Bana zan kunna."

"In na ci ka fa?"

"Ka ci ni? Kai ɗin?" Lubbert ya dubi madubi, ya ga kansa, ya burge kansa. "In ka ci ni, ka aske gashin bakin nan. A tsakiyar kasuwa. Ranar kasuwa."

Almakashin Roelof ya tsaya cak. Likita ya sauke jarida.

"In kuma kai ka ci," in ji Roelof a hankali, "ni zan riƙa murɗe maka shi kullum da safe har shekara ta zagayo, ina ce maka ranka ya daɗe a gaban kowa. Likita, ka ji?"

"Kunnena ɗaya ne ya mutu," in ji Likita, "kuma ba shi ne a wajenku ba."

Kafin Lubbert ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da Marga a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Maigida, wai da gaske ka sa gashin bakinka a caca?"

"Ba caca ba ce. Caca sai da shakka."

"Ni dai na ƙosa in ga leɓenka na sama. Tun da na aure ka labarinsa kawai nake ji."

Bai kula ta ba, domin yana da shiri, kuma shirin ya yi kyau, wannan kam dole a faɗa. Me ke sa toka zubewa? Rashin ƙashin baya. To wa ya fi mai gyaran keke sanin ƙarfe siriri mai ƙarfi? A cusa wayar wilin keke a tsakiyar tabar daga baki har ƙarshe, wuta ta cinye ganye, toka ta rungume waya, shi ke nan an gama. Ya shiga shago. Keken Roelof yana jingine yana jiran a gyara masa birki, da wayoyin wilinsa da Roelof ɗin ya shafa wa fenti ja da fari don iyayi, irin launin sandar da masu aski suke kafawa a ƙofar shago. Lubbert ya dube shi ya yi murmushi. Ga sababbin wayoyi nan cike da aljihun tebur, amma ina daɗin nasara in ba da ƙarfen abokin gaba ba? Ya zare ɗaya daga wilin baya, ya kankare fentin sama-sama, ya datse ta da filaya daidai tsawon tabar.

Ya kulle shago, ya wanke hannu, ya ɗauko Gimbiya ta fari. Ya saita wayar, ya tura da ƙarfin da yake tura fanfo.

Ƙarar da ta yi ba ta fi ta busasshen ganye a ƙarƙashin takalmi ba. Tsohuwar taba ta dare tun daga kai har gindi, ta buɗe kamar ɓawon ayaba, garin ganye ya zubo masa a cinya.

Marga ta leƙo ta ƙofar baya. "Kukan me na ji?"

"Atishawa na yi."

"Atishawa har da kiran sunan uwarka?" Ta hango abin da ke cinyarsa. "Ashsha. Wannan ba ita ce rufin ɗakin girkina ba?"

"Gwaji ne. Kowane babban aiki sai da gwaji. Ta bushe ne, danshi take so."

Inda ya fi ko'ina danshi a layin shi ne ɗakin ƙasa na Iya Riek, tsohuwa mai sayar da kifi a maƙwabtansu. Ya naɗe Gimbiya ta biyu a hankici ya kai mata.

"Iya, ajiya na kawo. Abu ne mai daraja, kada kowa ya taɓa."

Ta buɗe hankicin ta duba. "Ɗan nan, wannan ai kare ma yana ajiye irinsa a ƙofata kullum, bai taɓa naɗe mini a hankici ba."

"Iya, wannan ta girme ki."

"To Allah ya ba ta lafiya. Sa ta can kan kanta, kusa da bandar kifi."

Bayan 'yan kwanaki ya koma. Gimbiya ta yi laushi, ta yi ɓul-ɓul, har da wani farin gashi-gashi a jikinta. Lubbert ya fito da ita hasken rana, ya tara masu sayen kifi yana yi musu karatu.

"Kun ga wannan farin? Furfurar taba ke nan. Sai wadda ta tsufa da mutunci take yin ta."

"Funfuna ce," in ji Iya Riek. "Irinta ce a bangona."

"Iya, ki tsaya a kifi."

"Ai ita ma ta koma kifin. Sansana ka ji."

Bai kai ga sansanawa ba, domin akwai wanda ya riga shi. Kaftin, ƙaton muzurun Iya Riek, ya daɗe yana bin hannun Lubbert da ido daga kan rumfa. Da Lubbert ya ɗaga tabar sama don na baya su gani, sai muzuru ya diro, ya cafke ta a tsakiya, ya yi layi da ita.

"Ɓarawo! Ku tare shi!"

Babu wanda ya tare. Wa zai tare abin kallo? Lubbert ya haye keken da ya fi kusa, wato na Roelof, ya bi shi. Sai da ya sha kwanar gada ya tuna bai gyara birkin ba. Ya wuce muzurun, ya wuce mai sayar da furanni, ya shige cikin tebura na gidan gahawa, ya tsaya a jikin wata mata mai shan shayi, wadda ta rufe shi da duka da jakarta. Kaftin kuwa ya haye rufin shagon burodi, ya kwanta ya riƙe Gimbiya da ƙafa biyu, ya yi mata filla-filla yana neman kifin da ke ciki. Ganye ya riƙa saukowa kan jama'a kamar ana biki.

Roelof ya fito ƙofar shagonsa da aska a hannu, yana wasa ta a fata. Ya hango Lubbert. Ya ɗaga askar ya gaishe shi da ita.

Saura Gimbiya ɗaya, gasa kuma ta ƙarato. Wannan karon Lubbert ya nutsu. Ya turara ta a tururin butar shayi har ta yi laushi daidai. Don kada wayar ta sake yaga ta, ya lakato giris ɗin sarƙa ya shafe wayar tas, ya riƙa murza ta a hankali, yana lallashi, yana kiranta ranki ya daɗe. Ta shige sumul. Ya juya tabar ta kowane gefe, babu alama.

"Marga," ya ce a wurin cin abinci, "ki goge baƙar rigarki. Matar sarki ba ta zuwa taro a yamutse."

"Zan goge. Ko ba komai ta dace da jana'iza."

Ranar Lahadi da yamma benen ya cika. An rufe tagogi, an cire agogon bango don kada bugunsa ya girgiza iska, mai kawo gahawa ta tuɓe takalmi tana yawo da safa. Mata da 'yan kallo suna kan benci a jikin bango, Iya Riek a gaba, ta rufe shago musamman. Roelof ne ya zo a makare, yana gumi.

"Kai, Lubbert, wane irin gyara ka yi mini? Wilin baya sai rawa yake kamar ya sha giya."

"Nauyinka ne. Zauna a ci ka."

Likita Stoffel ya kaɗa ƙararrawa. Aka kunna. Maza suka jingina, suka ɗaga haɓa sama, kowa da tabarsa a tsaye tana kallon rufi, kamar 'yan tsaki masu jiran abinci. Ɗaki ya yi tsit.

Can sai Likita ya fara buɗa hanci. "Wane irin ƙamshi ne wannan? Kamar ana ƙona sarƙar keke."

"Ƙamshin ƙasar Kyuba ce ta da," in ji Lubbert ta gefen baki. "Ba kowane hanci ne ya isa ya gane ba."

Nan take hancin kowa ya isa. Wani lauya mai ritaya ya lumshe ido ya ce lallai yana jin ɗan ƙarfe-ƙarfe a ƙasa, alamar ganye ya tsufa. Na kusa da shi ya ce shi har da ɗanɗanon tsohuwar fata yake ji. Maganar da suka yi ke nan tokarsu ta zube musu a ƙirji.

Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa faɗuwa. Wani tari ya kayar da shi, wani ƙuda. Aka bar mutum biyu. Tokar Roelof ta kai tsawon yatsa, ta ɗan karkata, ta yi tunani, sannan ta faɗo masa a ido.

"Wayyo!" in ji Roelof.

"Alhamdu, an gama," in ji Marga daga benci. "Maigida, ka ci. Ajiye haka nan."

Da ya ji maganarta, da yanzu wani labarin ake ba ku. Amma Likita ya ɗauki ƙararrawa ke nan, Lubbert ya ɗaga hannu.

"Dakata, Likita. Na ce ko da rawa nake yi."

Ya miƙe tsaye. Toka ba ta motsa ba. Ya taka zuwa taga ya dawo. Ya rusuna wa mata. Ya kama Iya Riek ya juya ta sau ɗaya, ta ture shi. Toka tana nan ƙyam, fara sol, ta kusa tsawon tafin hannu. Jama'a suka miƙe suna tafi, lauya yana cewa shi dai ya ga abin da zai gaya wa jikoki.

Abin da Lubbert bai lissafa ba shi ne ƙarfe yana ɗaukar zafi. Wuta ta matso kusa da zoben takardar da ke wajen bakin tabar, wayar ta fara gasa masa harshe. Ido ya kawo ruwa.

"Kuka kake yi?" in ji Roelof, yana goge nasa idon.

"Na daɗi ne," in ji Lubbert da kyar.

"To madalla," in ji Likita. "A kawo faranti."

Mai kawo gahawa ta buɗe kabad ta ɗauko wani farantin azurfa da 'yar kwalba. Lubbert ya sha ganin jerin kwalabe masu toka a kan kanta, kowace da sunan wani sarki, amma bai taɓa tambayar yadda tokar take shiga ciki ba.

"Farantin me?"

"Au, na manta ba ka taɓa kaiwa nan ba," in ji Likita. "Sabon sarki yakan ƙwanƙwasa tabarsa da yatsa, toka ta sauka a faranti a gaban kowa, mu ɗura a kwalba. Bismilla."

Lubbert ya zare tabar daga baki, ya riƙe ta da 'yan yatsu biyu tana ƙona shi. Ya dubi ƙofa. Iya Riek ce zaune a bakinta.

"A Habana ba a karkaɗe toka. Rashin ladabi ne ga ganye."

"Nan Kampen ne, ranka ya daɗe," in ji Roelof.

"Zan tafi da ita gida in karkaɗe a natse."

"Ƙwanƙwasa!" in ji ɗaki gaba ɗaya. "Ƙwanƙwasa! Ƙwanƙwasa!"

Ya taɓa ta da yatsa kamar mai shafa jariri. Toka ta saki jiki, ta sulale ta zube a faranti. Abin da ya rage a hannunsa ɗan guntun taba ne, da doguwar waya baƙa ƙirin tsaye a kansa tana hayaƙi. Zafi ya kai masa ƙarshe, ya saki. Ƙwal! Ƙarar ta zagaya ɗakin ta dawo.

Iya Riek ce ta fara magana. "Ikon Allah. Ashe a Kyuba har keke ake shukawa."

"An cuce ni!" in ji Lubbert, harshe a kumbure. "'Yan gwanjon Landan ne! Ko kuma haka masu naɗin da suke yi, ƙashin baya ne, duk masani ya san..."

"Ni ma na taɓa jin haka," in ji lauya, amma babu wanda ya dube shi.

Roelof ya sa hankici ya zare wayar daga guntun. Ƙarshen da ke wajen baki wuta ba ta kai gare shi ba. Ya ɗaga shi saitin fitila. Ja da fari.

"Likita, duba mini nan da kyau. Masu naɗin Habana sun san kekena tun kafin a haife ni?" Ya juyo. "Ɗan banza, shi ya sa na kusa faɗawa kogi! Da ƙarfena za ka ci ni?"

Dariyar da aka yi, har mai gidan gahawa ya hau da gudu yana tsammanin benen ne zai rufta. Lubbert ya laluba hularsa kamar yadda ya saba, sai ya tarar Marga ta zauna a kanta.

"Yau kam sai ka ga ƙarshen taro, Maigida."

Ranar kasuwa Roelof ya fito da kujerar askinsa ya dasa tsakanin mai cuku da mai furanni. Mutane har kan gada. Lubbert ya zo da baƙar kwat, ya murɗe gashin bakin murɗewar da bai taɓa yi ba, ya zauna kamar wanda za a naɗa. Roelof ya shafa kumfa, ya kama gefen dama, sai hannunsa ya tsaya.

"Ka ce ka tuba, in bar maka rabi."

"Aske, wanzami. Ba za ka sake taɓa irinsa ba har ka mutu."

Aska ta wuce sau biyu. Ɓangarorin suka faɗo a tawul, kowane da lanƙwasarsa, kakin zuma ya riƙe su. Leɓen sama ya bayyana, fari fat, ɗan ƙarami, yana ƙyalli kamar ƙwai da aka ɓare.

Marga ta matso ta daɗe tana dubawa. "Ashe wannan ne. Mayar masa, Roelof."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Amma Lubbert ba ya jinsu. Idonsa yana kan tawul, domin ya hango Kaftin yana tahowa ta ƙarƙashin tebur. Ya yi wuf ya kwashe gashin, ya zaro akwatin Gimbiyoyi daga cikin kwat, ya kwantar da su a ciki gefe da gefe, ya rufe.

Yanzu akwatin yana kan kanta a saman bene, kusa da kwalaben sarakuna. Roelof ne ya kawo shawarar don tsiya, Lubbert kuwa ya karɓa a matsayin girmamawa. Duk baƙon da ya hau benen sai ya ja shi gefe, hannu ɗaya a kan leɓe.

"Ka ga waɗancan? Toka ce kawai, kowa yana da ita. Wannan kuwa guda biyu ne rak a duk faɗin Turai, ko attajirin Geneva ba shi da su."

In baƙo ya sunkuya zai duba, sai ya janye akwatin.

"Kau da bakinka gefe. Ka ci albasa."